Neman aikin banki daga Garwa: abin da ya faru rana-rana, da abin da na kashe

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Bara na nemi aiki wuri huɗu, ko ɗaya bai kira ni ba, kuma da Inna ta tambaye ni nawa na kashe a kan takardu sai na kasa ba ta amsa. Ni da nake riƙe mata littafin adashe na mata 32 tun ina aji uku a sakandare. Kunya ta kama ni. Shi ya sa wannan karon zan rubuta komai, har kuɗin mashin.

Wani babban banki mai hedkwata a Duwala, nan ƙasarmu Kamaru, ya fitar da sanarwar ɗaukar matasa masu kula da abokan ciniki, kuma an ce wasu guraben na rassan arewa ne. Suna son digiri na biyu a harkar lissafin kuɗi ko tattalin arziki, shekaru kada su wuce 30. Ina da 27, na gama jami'a a Ngaundare shekara biyu da suka wuce. Za a rufe karɓar takardu ranar 24 ga wata, kuma ta intanet kawai. Ba zan ambaci sunan bankin ba.

Data: sefa 2,000.

Laraba, 15 ga Janairu

Na wuni a ofishin su-furefe, wato jami'in mulki na gunduma, ana buga wa kwafin takarduna hatimi. Takardu huɗu, kowace da tambur na 1,500. Hoto guda huɗu 1,500, fotokopi 500. Mai hoton ya ce in ja ɗankwali baya kunnuwa su fito, na ce wannan ba fasfo ba ne, ya ɗauka haka.

Yau 8,000. Jimla 10,000.

Litinin, 20 ga Janairu

Kasiye, wato takardar kotu da ke nuna mutum ba shi da tabon laifi, ba a Garwa zan same ta ba, sai a kotun garin da aka haife ni. Na bi motar asuba, na isa kafin tara. Magatakardan ya karɓi takardar haihuwata, ya duba katin ɗan ƙasa, ya ce in dawo ƙarfe biyu. Na zauna gindin wata bedi ina bitar darussan OHADA, dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, a waya har batir ya kusa mutuwa.

A wannan zaman ne, ina jera takardun a cikin jaka, idona ya faɗa kan abin da shekara bakwai ban lura da shi ba. Sunan Baba a takardar haihuwata da harafin m ɗaya aka rubuta shi, a difuloma kuma da biyu. Laifina ne. Ni na cike fom ɗin shiga jami'a da hannuna, na rubuta yadda muke rubutawa a gida. Gabana ya faɗi, don na san yarinyar da aka jefar da dosiyenta, wato tarin takardun neman aikinta, a wata gasar shiga aiki saboda irin wannan. Na kira Yaya, ya ce in kwantar da hankali, akwai takardar da hukuma ke bayarwa mai shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne.

Mota zuwa da dawowa 4,000, kuɗin kasiye da tambur 3,000, mashin 1,000. Jimla 18,000. Kasiye wata uku take yi ta mutu, na rubuta 20 ga Afrilu a bangon littafi. Ina fata kafin nan an gama komai.

Alhamis, 23 ga Janairu

An ba ni takardar shaidar suna. 2,000. An yi mini sikan na duka takardun a shagon intanet na bakin kasuwa, 1,000. Shafin bankin ya ƙi karɓar fayil ɗin har sau biyar wai ya yi nauyi, sai da yaron shagon ya rage shi. Ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare saƙo ya shigo cewa an karɓa. Jimla 21,000.

Ban gaya wa Baba ba tukuna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jiya da yamma imel ya zo: gwajin farko ta intanet, an ba mu awa 48 mu shiga, amma da zarar ka danna farawa agogo ba ya tsayawa. Minti 50, tambaya 60. Na ari kwamfutar Yaya, na zauna a ɗakin Inna bayan sallar isha'i don lokacin ne unguwa ke yin shiru.

Kashi na farko jerin lambobi da siffofi ne, a ce ka faɗi wanda zai biyo baya. Na biyu lissafin kaso da karanta jadawali, nan na ji ni a gida. Ina tambaya ta 34 aka ɗauke wuta. Kwamfutar Yaya batirinta ya daɗe da mutuwa, wayar caji ce ranta. Allon ya yi baƙi ƙirin. Na zauna cikin duhu kamar minti ɗaya ban motsa ba, sannan na zari mayafi na fita da gudu, ƙanena na bina da fitilar waya. Shagon intanet na da janareto. Kafin mu isa, mu samu kwamfuta, in tuna kalmar sirri, minti 14 sun tafi. Shafin dai ya bar ni na ci gaba daga inda na tsaya, wannan kam na yaba musu. Kashin Faransanci na bi shi a guje, na Ingilishi kuma canke na yi a tambayoyi shida na ƙarshe. Na amsa 53.

Wanda ya tsara wannan gwajin yana zaune ne a ofis mai sanyi inda wuta ba ta ƙiftawa. Ban ce ya yi da mugunta ba, bai dai taɓa tunanin unguwar Yelwa ta Garwa da ƙarfe tara na dare ba. Nan gaba duk wani gwaji a shago zan yi shi, ko da hayaniyar samari masu kallon ƙwallo.

Shago 1,500, data 1,000. Jimla 23,500.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Shiru.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu

Na wuce. Jarrabawar rubutu ranar 15 ga wata, nan Garwa.

Da daddare na gaya wa Baba. Yana zaune kan buzu yana jan carbi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Banki ai gidan riba ne." Na ce, Baba, akwai bankunan da suka buɗe sashen da ke aiki bisa shari'a, kuma tun 2022 akwai dokar da ta tsara wannan a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen tsakiyar Afirka. Ya ce, "Sashen za su kai ki?" Na ce ban sani ba. Ya ce to idan na sani in dawo mu yi magana. Bai hana ni zuwa jarrabawa ba, bai kuma sa albarka ba. Inna ta bi ni ɗaki ta ce in bar shi, shi ma ai asusunsa na banki ne yake tura kuɗin atamfa Duwala.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar matasa, gari duk fareti. Na zauna gida na yi bita. Abin da na haddace: BEAC, babban bankin ƙasashe shida, Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Ikwatoriyal Gini, an kafa shi 1972, hedkwata a Yawunde, gwamnansa Yvon Sana Bangui ɗan Afirka ta Tsakiya wanda ya gaji Abbas Mahamat Tolli na Chadi a 2024. COBAC, mai sa ido kan bankuna, 1990. Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka. OHADA ƙasashe 17. Kuɗin ruwan da BEAC ke ba bankuna bashi a kai, a Fabrairun 2025, yana kan kashi 5 cikin ɗari.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zauren wani otal, mu kusan 70, wasu daga Marwa, wasu daga Ngaundare, har da wanda ya kwana biyu a hanya daga Kuseri. Mata ban ƙirga sun kai 15 ba. An karɓe wayoyi an zuba a kwali.

Awa uku. Lissafin kamfani: a ba ka alƙaluman wani ƙaramin kamfani ka fitar da jarin juyawa, ka ce ko ya cancanci bashi. Sai gajerun tambayoyi kan halatta kuɗin haram da wajibcin banki na sanin wanda yake hulɗa da shi. Sai insha'i shafi biyu: me ya sa yawancin mutanen arewa ba su da asusun banki, kuma me za ka yi a kai. Nan na saki alƙalami. Na rubuta abin da nake gani a littafin Inna. Mace 32 ke zubi, uku ne kawai ke da asusu, amma kusan duka suna da kuɗi a waya. Ba tsoron banki kaɗai ba ne. Wasu ba su da katin ɗan ƙasa mai rai, wasu ba sa jin Faransanci kuma ba sa son a yi musu dariya a gaban layi, wasu kuma sun taɓa ajiye kuɗi suka dawo suka tarar an yayyanke da sunan kuɗin kula da asusu, ba wanda ya yi musu bayani tun farko. Uwar adashe kuwa ƙofarta a buɗe take har dare, kuma ta san ranar da 'yarka za ta tare.

Mashin 500. Jimla 24,000.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wani ya kira ni da lambar da ban sani ba, Faransancinsa sumul, ya kira cikakken sunana, ya ce daga sashen ɗaukar ma'aikata yake. Wai na ci jarrabawa amma sunana na kan gaɓa, idan na tura 50,000 ta waya kafin ƙarfe huɗu zai tabbatar na shiga jerin. Na ce ya turo mini ta imel ɗin banki. Ya kashe. Na tambaya a zauren WhatsApp da muka buɗe mu 'yan jarrabawa, ashe mutum tara ya kira. Ɗaya ya tura. Daga ina ya samu lambobinmu, wannan ita ce tambayar da ba wanda ya amsa. Mun dai rubuta suna da lamba a takardar halarta da aka bar ta kan tebur a bakin ƙofa, kowa na wucewa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ganawa ta bidiyo da wata mata daga sashen ma'aikata. Minti 20 aka ce, muka yi 12. Na yi ta a ofishin wani abokin Yaya saboda bango fari da wuta tsayayya. Ta tambaye ni me na yi a shekara biyun da na gama karatu. Na ce estaj, wato koyon aiki, wata shida a wata ƙaramar cibiyar bada rance, sauran kuma ina riƙe littafin shagon Baba da na adashen Inna. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu, ban san ko yabo ba ne ko akasinsa. Ta tambayi harsunan da nake ji. Na ce Hausa, Fulatanci, Faransanci, Ingilishi kaɗan, Larabcin Shuwa na ciniki. A nan ne ta ɗago kai ta dube ni sosai. Ta ce zan yarda a tura ni ko'ina a ƙasar? Na ce e, bakina ya riga tunanina. Sai tambayar da na san za ta zo: ina da aure, ko ana shirin yi? Na ce a'a. Maza uku na tambaya a zaurenmu, ba wanda aka yi wa ita.

Albashin da nake so? Na faɗi adadi, ta ce kafin cire haraji ko bayan cirewa, na yi tsuru-tsuru. Dole in koyi wannan.

Data 2,000. Jimla 26,000.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara. Imel: an gayyace ni Duwala ranar Laraba 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe, wuni guda. Layi na ƙarshe ya ce kuɗin tafiya da masauki na kan ɗan takara.

Na zauna na yi lissafi, ya kusa 80,000 da ɗinki. Ina da 31,000. Inna ta roƙi wadda kwasarta ce wannan makon su yi musanya, ta ba ni 50,000 rance, ta kuma sa na rubuta da hannuna a littafin. Baba ya ce tunda gidan Gwaggo zan sauka a unguwar New Bell, ya yarda, amma Yaya ya raka ni har Ngaundare ya ga na shiga jirgi.

Lahadi, 9 ga Maris

Tela ya kawo kayan: doguwar riga ruwan toka da kwat a sama, 12,000. Hannun ya ɗan yi tsawo, Inna ta kama shi da allura. Kilishi na tsarabar Gwaggo 6,000.

Talata, 11 ga Maris, Duwala

Jiya muka bar Garwa da safe, kusan kilomita 280 zuwa Ngaundare, motar ta yi ta nishi a hawan dutsen nan kafin a shiga gari. 5,000. Jirgin ƙasa na yamma, kujerar aji na ɗaya 17,000, gado ya fi ƙarfina. Na sha ruwa a tasha da dabino uku da kunun da Inna ta ɗura mini. Ban yi barci ba, na rungume jakar takardu har gari ya waye. Yawunde da hantsi, mota zuwa Duwala 5,000, na iso la'asar.

Zafin nan daban ne da namu. Namu ƙuna yake, na nan jiƙa mutum yake kamar an rufe shi da bargo mai ruwa. Gwaggo ta ce matafiyi an yi masa rangwame, in ajiye azumin gobe. Na ce zan gani.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗauki azumin. Na isa unguwar Bonanjo, inda za a yi ganawar, bakwai da kwata. Mu 24 ne, an raba mu rukuni uku. Ba a fara ba sai goma saura.

Muna jira wani saurayi mai ƙamshin turare ya tambaye ni daga ina, na ce Garwa. Ya ce, "A'a, ke ai kin huta, ku 'yan arewa an ware muku gurbi." Na ce wannan rabon yankuna a gasar shiga aikin gwamnati ake yin sa, nan kuwa jarrabawar da ya rubuta ita na rubuta. Ya yi dariya ya ce wasa yake. Ni ban ji wasa ba. Na kwana biyu a hanya, shi tasi ya hau daga unguwar Akwa, nan cikin Duwala.

Aikin rukuni: mu takwas kewaye da tebur, mutum uku na bayanmu da takarda suna rubutu, ba sa cewa uffan. Aka ba mu labarin wani ɗan kasuwa mai sayen albasa a arewa yana lodawa zuwa kudu, yana neman rancen miliyan 10, ba shi da littafin lissafi, ba shi da takardar fili, shekara 15 yana sana'ar. Minti 30 mu yanke shawara. Da na karanta sai da na danne dariya, don wannan mutumin na san shi, ko in ce na san goma irinsa a kasuwar Pitowa, kusa da Garwa, ta ranar Lahadi.

Minti goma na farko ban samu shiga ba. Mai turare da wata yarinya mai kaifin baki suka kama maganar, duk sun tafi a kan a ƙi, babu lissafi babu jingina. Sau biyu na buɗe baki aka take ni. A na uku na ɗaga murya fiye da yadda na saba, na ce ku tsaya, a wane wata yake neman kuɗin? Aka duba, Maris. Na ce to wannan ba na lodi ba ne, na ajiya ne. Yanzu ake cire albasar rani, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi. Zai saya ya zuba a rumfa ya jira damina ta yi nisa kaya su yi ƙaranci. Ribar a nan take, haɗarin ma a nan yake, domin albasa tana ramewa tana ruɓewa, abin da ka zuba ba shi kake kwashewa ba. Idan aka ce ya fara biya wata mai zuwa kamar mai albashi, an kashe shi. Kuma rashin littafi ba ya nufin rashin shaida: akwai tarihin kuɗin da ke shiga wayarsa, akwai dillalinsa a Duwala, akwai direbobin da suka yi shekaru suna ɗaukar masa kaya. Na ce a ba shi rabi, a je a ga rumfar da ido, biya ya fara bayan wata huɗu.

Tebur ya yi shiru. Rukunin bai bi ni duka ba, an tsaya a kan miliyan 4, kuma mai turare ne ya tashi ya gabatar, ya faɗi maganata kamar a bakinsa aka haife ta. Na ji haushi. Amma ɗaya daga cikin masu rubutun, wani dattijo mai furfura, na ga ya ja layi a takardarsa lokacin da na yi tambayar watan.

Da rana aka kawo burodi da nama da lemo. Mu huɗu masu azumi muka koma gefe. Na tambayi mai gadi inda zan yi salla, ya kai ni wani lungu bayan matakala inda shi ma yake yi, ya ba ni kwalinsa.

Ganawar ƙarshe sai biyar da rabi, kaina na sarawa. Mutum uku, har da dattijon. Tambayar Ingilishi na yi ta da ƙyar, na san ban burge ba. Aka ce abokin ciniki ya kawo tsabar miliyan 8 a buhu, ya ƙi faɗin inda ya samo, kuma aminin babanki ne. Na ce zan gaishe shi yadda ya kamata, in ba shi kujera, in gaya masa da Hausa cewa tambayar ba tawa ba ce, doka ce, kuma idan ya ƙi zan kai maganar ga mai kula da bin ƙa'ida. Dattijon ya ce, ko da zai kai ƙararki gida? Na ce ai zai kai, shi ya sa zan riga shi gaya wa Baba cewa akwai abin da ba zan iya tattaunawa da shi ba. Da aka ce ina da tambaya, na tambayi sashen shari'a. Suka ce akwai shi a Duwala, ana tunanin kai shi arewa, ba su sa rana ba. Za mu ji daga gare su cikin mako biyu.

Na sha ruwa a cikin tasi, a cunkoson hanya, da ruwan leda.

Lahadi, 16 ga Maris, Garwa

Na dawo jiya, ƙafafu a kumbure. Dawowa 27,000, tasi da abinci 8,000. Tafiyar duka 80,000 cif. Jimla 106,000.

Laraba, 26 ga Maris

Mako biyun sun cika. Shiru.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi salla. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce yaya maganar banki, har na fara ɓuya a kicin. Na aika imel na ladabi ina tambaya, ba amsa. A zaurenmu jita-jita iri-iri: an dakatar da ɗaukar, an riga an kira 'yan gata, daraktan ya yi tafiya. Ba wanda ya san komai, kowa na faɗa da ƙarfi.

Abin da ya fi ci mini rai ba jiran ba ne. Cibiyar da na yi wa estaj ta kira ni a kan aikin wata uku, na ce su ba ni lokaci, sun ba wata. Layi ɗaya da bankin zai rubuto ya ce muna nan, ku ƙara mako uku, da ya ishe ni in san abin yi.

Na biya Inna 10,000 daga kuɗin ɗinkin hulunan da na saƙa. Saura 40,000.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Zafi ya wuce 40, ba a iya komai tsakanin azahar da la'asar. Ina kwance a tabarma waya ta yi ƙara. Matar nan ta bidiyo ce. An ɗauke ni, reshen Marwa. Ta ce in kawo cikakken dosiye na asali kafin 30 ga wata, da kasiye wadda ba ta wuce wata uku ba a ranar miƙawa. Na dubi bangon littafi: 20 ga Afrilu. Gobe Jumma'a hutu ne, sai Asabar da Lahadi. Na yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya.

Talata, 22 ga Afrilu

Na koma garin haihuwa, bedin nan dai, magatakardan nan dai. 8,000. Sababbin tambura biyu 3,000. Jimla 117,000. Gwajin lafiya su suka biya, a asibitin da suka zaɓa: jini, ƙirji, ido.

Jumma'a, 25 ga Afrilu

Takardar kwantaragi ta zo, na karanta ta sau uku, na kai wa Yaya ya karanta. Ba aikin dindindin ba ne kamar yadda sanarwar ta sa muka ɗauka. Kwantaragin shekara ɗaya ne, da gwajin wata uku a farkonsa. Dokar aiki ta 1992 ta ce irin wannan kwantaragi ba ya wuce shekara biyu kuma sau ɗaya ake sabunta shi, don haka aƙalla na san iyakar inda za a iya ja na. Adadin da aka rubuta kafin cire-cire ne. Na zauna da biro: kashi 4.2 na CNPS, asusun fanshon ma'aikata, kashi 1 na asusun gidaje, harajin albashi, kuɗin rediyo da talabijin, harajin gunduma. Abin da zai shigo hannu ya yi ƙasa da abin da na faɗa a ganawa, ga hayar ɗaki a Marwa. Akwai kuma adadin sababbin asusu da ake so in buɗe kowane wata, ba a rubuta shi a kwantaragi ba, a waya ta faɗa mini.

Daga rukuninmu na takwas, mu biyu aka kira. Mai turare ba ya ciki. Sauran shida har yau ba wanda ya ce musu ku yi haƙuri, daga bakinmu suka ji.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na koma wurin Baba kamar yadda ya ce. Na gaya masa gaskiya, ba sashen shari'a ba ne, buɗe asusu ne da bin 'yan kasuwa, kuma wata rana dosiyen bashi mai ruwa zai bi ta teburina. Ya ce ya riga ya je wurin Malam tun ina Duwala, ban sani ba. Bai gaya mini duk abin da suka tattauna ba. Ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma ba zai hana ni ba, da sharaɗi biyu: ranar da aka buɗe wancan sashen a arewa in zama ta farko da za ta nemi komawa, kuma kada kuɗin albashina ya shiga cefanen gidansa. Na biyun ya yi mini zafi. Na ce to, Baba. Ya ce Allah ya tsare, ya ci gaba da jan carbinsa.

Inna ta ce ita bashinta ba ruwansa da wannan sharaɗi, 40,000 ɗinta na nan tana jira.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na miƙa dosiye a reshen Garwa, na sa hannu. Horo na mako biyu zai fara 12 ga Mayu a Duwala, wannan karon su za su biya mota da masauki, na sa matar ta maimaita mini sau biyu kuma na ce ta rubuto a imel.

Abin da ya rage: ɗaki a Marwa, Yaya ya ce akwai ƙanwar matarsa a unguwar Domayo da zan fara sauka wurinta. Kaya kala biyu na aiki, tela ya ce 20,000 idan na kawo yadi. Littafin adashe zan damƙa wa ƙanwata, na fara koya mata jiya, ta riga ta haɗa zubin mutum biyu a layi ɗaya. Mashin na yau 500. Jimla 117,500.